Na biya bashin, amma sunana bai fita ba

Har gobe in na tuna naira 290,000 ɗin nan sai raina ya ɓaci. Kuɗi ne da aka ce an yafe mini a gaban shaida, aka yi musabaha, aka ce Allah ya kiyaye gaba, amma suka zauna a jikin sunana wata da watanni ban sani ba, sai ranar da na je neman abin da zai tayar mini da shago.

Shagona yana Samaru, unguwar jami'a a Zariya, fotokwafi nake yi da buga takardu da ɗaurin kundin ɗalibai. Duk mai sana'a a wannan layin ya san ɗalibai ne kasuwarmu, in suna nan muna nan. A watan Oktoban 2021 na karɓi rancen naira 600,000 a wani ƙaramin bankin ba da rance na sayi injin fotokwafi na hannu da janareto. Kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari a wata, zan riƙa biyan 80,000 har wata goma sha biyu. Na biya sau huɗu lafiya ƙalau. Sai aka shiga yajin aikin malaman jami'a ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas Samaru ta zama kufai. Mai shayi, mai abinci, ɗan acaɓa, kowa ya ji a jikinsa. Don kada bankin ya ga na gaza, sai na koma cin bashi a manhajojin waya ina toshe wancan, ga kuma dilan takarda na kasuwar Sabon Gari yana bi na kuɗin katan-katan, ga zubin adashi ya taru. Ranar da wata manhaja ta tura wa surukina saƙo a Gyallesu cewa ni ɓarawo ne da ake nema, ranar na san abin ya wuce wasa.

Wani abokina a ƙungiyarmu ta masu shaguna ne ya haɗa ni da wani dattijo, tsohon ma'aikacin banki da ya yi ritaya, wanda yake zama da mutane irina yana tsara musu yadda za su fita daga bashi, a biya shi ladan aikinsa. A Amurka wannan aiki yana da ƙungiyoyinsa waɗanda ba don riba aka kafa su ba, babbarsu NFCC tun 1951 take. Kana zuba kuɗi wuri ɗaya duk wata, su raba wa masu bin ka, cikin shekara 3 zuwa 5 ka gama. Mu a Zariya abin da na samu shi ne Baba da zaurensa da jan bironsa.

Kuma gaskiya ya yi mini aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ɗauko doguwar farar takarda ya ja layuka da rula, ya ce, "Ɗana, faɗa mini duka, ko na mai shayi ne kada ka ɓoye." Ya karɓi wayata yana buɗe manhajojin ɗaya bayan ɗaya, tabarau a kan hanci. Ya tsaya a kan wata ya ce in duba: an ce an ba ni 20,000, an zare 3,000 tun kafin kuɗin su shigo, zan mayar da 24,000 cikin mako biyu. Wato 17,000 na riƙa a hannu, na biya 7,000 a kansu, sama da kashi 40 cikin ɗari a kwana goma sha huɗu. Ya kuma nuna mini cewa kashi 5 ɗin bankin a kan ainihin 600,000 ake lissafa shi kullum, ko da saura wata ɗaya ka gama, shi ya sa jimillar ta kai 960,000. Shi ya fara gaya mini labarin GSI, tsarin da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da shi ranar 1 ga Agustan 2020, wanda ya ba mai ba da rance damar bin lambar BVN ɗinka ya ɗebi kuɗinsa daga asusunka na wani banki in ka daina biya. Uwar kuɗi da kuɗin ruwa ake ɗiba ta wannan hanya, ban da tarar jinkiri. Muka duba takardun da na sa wa hannu, ga shi nan a ciki da ƙananan haruffa.

Tsarinsa ba shi da wani asiri. Kada in sake cin bashi don biyan bashi, ko na sisi. A fara kashe manhajojin, don su ne suka fi tsotsa. Dilan takarda kuwa in je da ƙafata in zauna da shi, kada in aika. Na je, ya yi mini faɗa kamar zai dake ni, sannan ya ce in riƙa kawo abin da ya sawwaƙa duk Juma'a, har ya ƙara mini katan biyu in ci gaba da aiki. Wannan duk ya tafi daidai.

Na bankin ne ya zama abin da ya zama. A farkon 2023, da tara da komai, lissafinsu ya kai 790,000. Baba ya sa babbar riga muka je tare. Ya san yarensu, ya yi ta ja da jami'in da ke riƙe da fayil ɗina har aka tsaya a kan in biya 500,000 kashi biyar, a yafe 290,000. Jami'in ya ce babu damuwa, zai shigar. Ladan Baba kuwa kashi goma ne na abin da ya sa aka yafe, na ƙirga masa 29,000 ina godiya. Na sayar da babur ɗina, uwargida ta sayar da 'yan kunnenta, a tsakiyar wahalar ƙarancin takardun naira muka fara biya, a watan Yuli na kai na ƙarshe. Aka ba ni rasit irin na kullum. Na yi sadaka, na yi barci.

A watan Nuwamba na nemi wani banki marar kuɗin ruwa ya saya mini babban injin bugawa ta hanyar murabaha, wato su saya su sayar mini a kan farashin da muka amince in riƙa biya kaɗan-kaɗan, don na yi alkawari tsakanina da Ubangijina na gama da bashi mai kuɗin ruwa. Kuɗin injin a lokacin miliyan 1 da dubu 400. Takarduna sun cika, masu tsaya mini biyu sun sa hannu. Sai Hajiyar da ke duba fayil ɗin ta kira ni, ta juyo mini da fuskar kwamfutarta ta ce, "Malam, ai ana bin ka bashi." Ga sunana, ga BVN ɗina, ga sunan wancan bankin, ga 290,000 a layin bashin da aka daina biya. Na ce an yafe. Ta ce, "Ina takardar?"

Ina takardar. Babu wanda ya taɓa ce mini akwai wata takarda. Mutumin da na biya don ya san abin da ban sani ba bai ambace ta ba ko sau ɗaya.

Daga nan na shiga karatun dole. Kamfanoni uku ne Babban Banki ya ba lasisin tattara tarihin bashin mutane a ƙasar nan: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Masu ba da rance ne ke aika musu bayani a kai a kai, kuma an wajabta wa bankuna su duba rahoton aƙalla biyu daga cikinsu kafin su ba ka rance. Banki marar ruwa ma yana dubawa, kada kalmar Musulunci ta sa ka ɗauka ba a bincike. Dokar bayar da rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, ta kuma ba shi damar ƙalubalantar abin da aka rubuta ba daidai ba. Da wani ya ce mini in nemi wannan rahoton na kyauta a watan Satumba, da na ga matsalar tun kafin ta tsaya mini a gaba. Makin da CRC ke ba mutum a kan yadda yake biyan bashi daga 300 yake zuwa 850, nawa bai kai 500 ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki a rahoton shi ne abin da babu a ciki. Zamana da Baba ba ya ciki, neman shawara ba ya ɗaga maki ba ya sauke shi. Bashin dilan takarda da na biya har sisin ƙarshe ba ya ciki. Adashin da na cika da ƙyar don kada matan unguwa su zagi matata ba ya ciki. Bashin da na fi zubar wa gumi don mutunci, kwamfuta ba ta san da shi ba. Cikin manhajojin ma wata ta kai rahoto, wasu ba su kai ba. Amma duk wurin da na taɓa danna neman rance da tsakar dare lokacin yajin aiki, aka duba sunana, yana nan a jere da kwanan wata, kowane banki na kallo yana ganin mutumin da ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofofi.

Da na koma wancan bankin, jami'in an yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya buɗe kwamfuta ya ce shi bai ga wata yafiya ba, ai sai kwamitin rance ya amince, kuma ba a taɓa kai maganar gabansu ba. A wurinsu ni mutum ne da ya biya 500,000 ya gudu da saura. Na koma wurin Baba raina a ɓace. Ya ce, "Ɗana, a zamaninmu in manaja ya ce an yafe, to an yafe." Ya bar aiki kafin dokar 2017, ilminsa na banki ya tsaya inda ya aje shi. Kuma da na zauna na yi tunani, ladansa a kan yawan abin da aka yafe yake, ba a kan yadda sunana zai fito ba. Ba na cewa ya cuce ni da gangan. Amma wanda ake biya don ya samo ragi, ragi zai nema, daga nan aikinsa ya ƙare. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, mu uku muka zauna a ofishin nan duk mun san ta, muka tashi da musabaha kawai.

Ana cikin haka wani yaro a layinmu ya nuna mini masu talla a Facebook da WhatsApp cewa suna goge suna daga BVN a kan 30,000. Kada ka ba su ko kwabo. Jerin sunayen da ake sa wa ido ta BVN na waɗanda aka kama da damfara ne, ba na masu bashi ba, tarihin bashi yana wurin kamfanonin nan uku. Kuma bayanin da ke can, wanda ya aika shi ne zai gyara shi, ba wani mai waya a ɗaki ba. Wanda ka miƙa wa BVN da ranar haihuwarka ma, ka ba shi abin da zai ci bashi da sunanka.

Abin da ya cece ni saƙon WhatsApp ne guda ɗaya da tsohon jami'in ya taɓa turo mini yana tuna mini kashi na uku, ya rubuta cewa in na cika 500,000 an rufe. Na buga shi a injina, na haɗa da rasit biyar, na rubuta takardar ƙorafi kwafi biyu, na tsaya sai da aka buga mini hatimi da kwanan wata a kan nawa. A ƙasan takardar na rubuta cewa in ba a warware ba zan kai wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki, don ƙa'idar ita ce ka fara kai wa bankin, in ya gaza ka wuce gaba. Baba, in faɗi gaskiya, ya sake sa rigarsa ya zo ya ba da shaida bai karɓi komai ba. Na kuma shigar da ƙalubale a kamfanin da na ciro rahoton. Sai a ƙarshen Fabrairun 2024 aka ba ni takarda mai kan banki da sa hannun manaja cewa ba a bi na komai.

A tsakanin nan dala ta haura naira 1,500. Injin da aka yi mini kuɗinsa miliyan 1 da dubu 400 ya koma miliyan 2 da dubu 100. Ragin 290,000 ya ja mini ƙarin 700,000, ban da kakar kundin ɗalibai da ta wuce ni ina kai aikina shagon maƙwabci muna raba riba. Wannan lissafin ne yake hana ni sakewa in ana yabon ragi a gabana.

Yanzu in ɗan'uwa ya zo yana tambayata ko ya je wurin mai ba da shawara, cewa nake ya je, don kai kaɗai ba za ka iya kallon jimillar bashinka a takarda ɗaya ba, hannunka rawa zai yi. Amma ya tambaye shi tun farko yadda ake biyansa, ya kuma tambaye shi sunayen kamfanonin nan uku, in ya yi shiru ya san iyakarsa. Kada ya biya kashin farko na sulhu sai yarjejeniyar tana rubuce a takardar banki, da adadin da aka yafe da yadda za a kai rahotonsa. In yana da halin biya duka a tsawon lokaci, ya nemi a yafe tara a ƙara masa wa'adi, ya fi a gutsure uwar kuɗi, domin banki na gaba yana iya gane wanda ya cika da wanda aka yi wa sassauci.

Ko da aka gyara, ba a mayar da ni sabo ba. Saura ya koma sifili, amma watannin 2022 da na yi jinkiri suna nan, don gaskiya ne, kuma doka ta ce a riƙe bayanin aƙalla shekara 6. Makin yana hawa a hankali tunda na fara biyan murabahar a kan kari. Gyaran ma bai isa ko'ina lokaci ɗaya ba: da na ciro rahoton kamfani na biyu, 290,000 ɗin tana nan daram, sai da na sake ɗaukar takardar manajan na bi ta kansu su ma.