Kalmomin maganaɗisu da suka ruɗe ni

Lokacin da na fara karatun kimiyya, na ɗauka cewa maganaɗisu yana jan duk abin da ake kira ƙarfe, kuma har yau ina ɗora wa kalmar kanta rabin laifin, domin da ita muke kiran baƙin ƙarfe, da ita kuma muke kiran jan ƙarfe. Ranar da na kai maganaɗisu kusa da wayar jan ƙarfe a ɗakin gwaji, ko motsi ba ta yi ba.

Baƙin ƙarfe da nikel da kobalt su ne fitattun da maganaɗisu ke kamawa sosai, kuma ana kiran su feromagnetik, sunan da aka ciro daga kalmar Latin mai nufin baƙin ƙarfe. Alminiyam paramagnetik ne, wato ana jan sa, amma da raunin da hannu ba ya ji. Jan ƙarfe kuwa dayamagnetik ne, maganaɗisu ɗan tura shi ma yake yi, halin da masanin kimiyya Michael Faraday ya raɗa wa suna a 1845.

Kalmomin da suka fi wahalar da ni su ne taushi da tauri, domin na daɗe ina fassara su da abin da hannu ke ji. A wannan fanni, mai taushi shi ne wanda ke karɓar maganaɗisu da sauri ya kuma sake shi da zarar an ɗauke wutar lantarkin da ta sa masa shi, shi ya sa ake sa irinsa a cikin taransifoma, inda wutar ke sauya alkibla sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Mai tauri shi ne mai riƙo, kamar gamin neodimiyam da baƙin ƙarfe da boron da ake samu a lasifika. Sai da na faɗi wata tambaya a jarrabawa kafin wannan bambanci ya zauna mini.

Shi ma riƙon yana da iyaka. Idan baƙin ƙarfe ya kai zafin digiri 770 a ma'aunin Salsiyas, ƙananan yankunan da ke cikinsa, waɗanda a kowannensu ƙwayoyin zarra ke fuskantar alkibla ɗaya, sukan wargaje, sai maganaɗisu ya daina kama shi. Wannan matakin zafi yana ɗauke da sunan masanin kimiyya Pierre Curie, kuma na nikel ƙasa yake da digiri 400.