Na sayi situdiyo, na manta da mai kiɗa

A ƙarshen 2022 na karɓi makullin wani situdiyon ɗaukar waƙa a saman bene, a wani layi da ke bayan Zoo Road a Kano. Mai wurin ya ce barin gari zai yi, shi ya sa zai sayar. Ya buɗe min littafin da yake rubuta aiki, na yi ta juya shafi, babu ranar da ba a shigar da suna uku ko huɗu ba. Ido ya rufe, ban tsaya na tambayi kaina wane lokaci muke ciki ba. Watannin kamfe ne. Kowane ɗan takara yana son a ambaci sunansa da na mahaifinsa a kan kiɗa, mawaƙa kuwa har layi suke a matakala.

Da na kai wa yayana labari, sai ya dube ni ya ce, "Kai da ko kalangu ba ka taɓa riƙewa ba, me ya kai ka?" Na ce, "Yaya, ai mai motar haya ba sai ya iya tuƙi ba." Ya ce, "To, Allah ya sa alheri. Ka dai riƙe direban da kyau."

Abin da aka lissafa min a takardar ciniki shi ne kwamfuta, fiyano ƙirar Yamaha, makirufo biyu, lasifika biyu, ɗan jan akwatin nan na Focusrite da ke haɗa makirufo da kwamfuta, janareta, sai soson da aka manna a bangon ɗakin ɗaukar murya. Yaron da ke zaune gaban fiyano ba ya cikin lissafin, don ba kayan kowa ba ne.

An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairu 2023, na gwamnoni 18 ga Maris, bayan kwana biyar aka ɗauki azumi. Siyasa ta wuce, biki ya tsaya, matakala ta yi tsit. Nan na san menene bashin situdiyo. Ɗan siyasa ba ya zuwa da kansa, mawaƙi ne ke zuwa, ya ba da kafin alƙalami, ya ce, "Ranka ya daɗe, da oga ya sallame mu zan cika." Wanda ogansa ya faɗi, sai dai ka yi masa jaje. Wanda ogansa ya ci, shi ma yana can yana neman ganin ogan. Waƙa kuma ba shadda ba ce da za ka je ka ƙwato abinka, ta riga ta shiga wayoyin mutane.

Sai ga 29 ga Mayu, aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Situdiyo kuwa janareta ce ransa. Ga ta da ƙara, makirufo kuma ko motsin takarda kamawa yake, dole muka sauke ta ƙasa da doguwar waya, inda telan da ke shagon ƙasa yake shan hayaƙinta yana aiko min da ƙorafi. Fanka ma kashe ta ake yi idan za a ɗauki murya. Na ga wani sha'iri ya fito daga wannan ɗan ɗaki a zafin bazara, rigarsa sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya, aka ce baiti na uku bai zauna ba, ya koma.

Wata rana da daddare aka kawo wuta da ƙarfi, na ji ƙauri, jan akwatin da lasifika ɗaya suka tafi tare. Duk kayan nan daga waje ake shigo da su, kuɗinsu dala yake bi. Lokacin da na sayi wurin, dala a banki ba ta kai naira 500 ba, zuwa Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Na tambayi kuɗin sabo, na yi salati, na nemi na hannu. A tsakanin nan kuma mai gida ya aiko cewa hayar da tsohon mai wurin ya biya ta ƙare, ga sabon farashi. Laifina ne, ban nemi ganin rasit ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya ni shi ne ranar da yaron ya same ni bayan La'asar, ya durƙusa, ya ce, "Yallaɓai, ina neman izini, zan gwada tsayawa da ƙafata." Ba mu yi faɗa ba, ban kuma ga laifinsa ba. Ya tara kuɗi ya sayi kwamfutar cinya, ya sa mata manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, ya samu makirufo ɗaya, ya rataya barguna a bangon ɗakinsa. Cikin wata biyu duk mawaƙan suka koma can. Ashe ba sosona suke biyowa ba. Shi ya san inda muryar kowa take karyewa, ya san wadda za a ɗaga wa sauti da wanda za a rufa wa asiri, mawaƙi ya yi masa gunguni kawai ya fitar da kiɗan. Na ɗauko wasu biyu a bayansa. Na farko hannunsa da kyau amma ba ya zuwa sai Azahar, na biyu ya goge wa wata mai waƙar biki aikin sati guda, ni na biya.

Yanzu abin da ke riƙe da wurin tallar masu maganin gargajiya ne, sai ɗaliban Islamiyya da ke zuwa ɗaukar karatu gab da saukarsu. Fiyanon na lulluɓe shi da zanin uwargida saboda ƙura. Makon jiya wani matashi ya hawo, ya ce ya ji ana cewa zan sayar. Na ba shi kujera, na ɗauko littafin, na buɗe masa daga watan Afrilun 2023.