Sensar da na cire ba ta yi laifin komai ba

Shekarata ta uku ke nan a garejin maigidana a Kano lokacin da ya fara barin na'urar binciken mota a hannuna. Ran nan wani Alhaji ya kawo tsohuwar Corolla, ya ce tana shan mai, tana rawa a silo, ga fitilar cek ta ƙi mutuwa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ƙorafin shan mai ya fi kowane ƙorafi yawa a wurinmu, domin lita ɗaya ma abin lissafi ce. Na jona na'ura a ƙarƙashin sitiyari, ta ba ni lambar matsala P0171, wato iska ta yi wa mai yawa a cikin injin. Na duba sensar oksijin ta gaba, wadda ke auna iskar da ta rage a cikin hayaƙi, na ga ta kwanta a wajen 0.1 bolt, da ƙyar take motsi. Nan take na yanke mata hukunci. Na ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, sensa ce ta mutu." Aka aika Kofar Ruwa aka sayo wata, na ɗaura, na goge lambar, ya biya ya tafi.

Kwana uku ya dawo, fitila a kunne, ransa a ɓace.

Maigida bai yi mini faɗa a gabansa ba. Ya tayar da motar, ya ce in buɗe shafin da ke nuna yawan man da kwamfutar mota take ƙarawa. A silo tana ƙara sama da kashi 20 cikin ɗari. Ya ce, "Taka totur, ka riƙe." Da injin ya ɗaga, sai adadin ya sauko kusan sifili. Ya dube ni ya ce, "Yaro, me wannan ya gaya maka?" Na yi shiru. Ya ɗauko gwangwanin wankin kafireto ya fesa kaɗan a bakin manifol, wato bututun da iska ke bi ta shiga injin, sai muryar injin ta canza. Gasket ne ya bushe, iska tana satar hanya tana shiga ba tare da an auna ta ba. A silo ɓarauniyar iskar nan tana da yawa idan aka gwada ta da wadda injin yake ja, amma da an taka totur sai ta nitse cikin sauran. Ashe tsohuwar sensar gaskiya take faɗa tun farko. Na bar jaki ina dukan taiki.

Da yamma ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da har yau nake aiki da shi. Sensar nan tana zaune ne a jikin salansa tana shinshinar hayaƙi. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 ga mai kashi ɗaya. Idan mai ya yi yawa sensa ta haura zuwa wajen 0.9 bolt, idan iska ta yi yawa ta sauko 0.1, kwamfuta kuma ta gyara. Shi ya sa lafiyayyar sensa ba ta tsayawa wuri ɗaya, kullum tana hawa tana sauka. Idan ka ga ta kwanta, sai ka tsokane ta: ka ba injin ƙarin mai, in ta zabura ta haura, to da ranta, ka nemi matsalar a wani wuri. Gwajin bai kai minti biyu ba, kuma da na yi shi da Alhaji bai yi asarar kuɗinsa ba. Wannan ya daɗe yana damuna, don mutumin ya yarda da ni ne kawai.

Bayan haka na ga iri-iri. Lambar P0135 ta hitar da ke ɗumama sensa daga ciki ce, domin sai ta yi zafi sama da digiri 300 take fara aiki, kuma sau da yawa fis ne ya ƙone ko waya ta taɓa salansa ta narke. Mitar gwada wuta kawai za ka sa ka gano. P0420 kuwa, a motocin da aka fasa tukunyar tace hayaƙi aka kwashe abin da muke kira indomi, ko sensar baya goma ka canza fitilar za ta dawo. Akwai kuma motocin Toyota na baya-bayan nan da sensarsu ta gaba wata iri ce, na'ura tana nuna ta a wajen 3.3 bolt, ba ta hawa da sauka irin na tsohuwar, wanda bai sani ba sai ya ce ta mutu.

Sensar da ta mutu da gaske ma tana da labari a bakinta. Baƙin kunkunniya na nufin mai yana yawa. Farin gari kuma yawanci gam ɗin silikon ne da aka lafta wa injin, ko ruwan lagireto yana shiga ta gasket ɗin kai. In ba a toshe wannan ba, sabuwar ma haka za ta bi. Wurin cirewa, ina bari injin ya ɗan yi ɗumi, in zare soket tukuna don kada waya ta murɗe, sannan in sa sifana mai lamba 22.

Alhaji dai mun canza masa gasket, maigida ya ce kada a karɓi kuɗin aiki. Na mayar masa da tsohuwar sensarsa a leda, na gaya masa lafiyarta ƙalau, kuskuren nawa ne. Ya ɗan yi shiru, ya ce in ajiye masa ita a but.