Tumakin Herdwick da annobar baki da kofato ta 2001

A watan Fabrairun 2001 aka gano ciwon baki da kofato a jikin aladu a wata mayanka da ke Essex, a kudancin Ingila, kuma kafin a shawo kansa a ƙarshen watan Satumba ya ɓulla a gonaki fiye da 2,000, an hallaka dabbobi sama da miliyan 6. Gwamnatin Birtaniya ba ta yi allurar rigakafi ba. Hanyar da ta bi ita ce kashe duk garken da ya kamu, a haɗa da na maƙwabta ko da lafiyarsu ƙalau.

Yankin da ya fi jin jiki shi ne Cumbria, a arewa maso yamma, inda tumakin Herdwick suke. Ɗan ragonsu baƙi ƙirin ake haifarsa, yana girma gashinsa yana komawa ruwan toka, fuskarsa ta yi fari fat. Yawansu ba shi ne matsalar ba. Haɗarin shi ne kusan dukkansu suna tattare ne a tsaunukan Lake District, don haka umarnin kisa guda ɗaya na iya lashe babban kaso na irin. An ƙiyasta cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu nasu ya salwanta a wannan shekara.

Ana cikin annobar masana suka yi gaggawar kafa ma'ajiyar irin dabbobi mai suna Heritage GeneBank, suka tattara maniyyin raguna da ƙwayayen haihuwa suka daskarar da su. Aiki ne abin yabo, amma akwai abin da ba ya adanuwa cikin ƙanƙara. Waɗannan tumaki suna kiwo a tsaunin da babu shinge, kowane garke ya san gefensa, kuma tunkiya ce ke koya wa ɗanta inda iyakar take, da mafakar da ake shiga idan iska ta taso. Idan aka kashe garke baki ɗaya, wannan sani ya tafi tare da shi, kuma makiyayi zai shafe shekaru yana bin sababbin tumaki kafin su zauna a wurin.

Na fi gamsuwa da dabarar masu kula da farin shanun daji na Chillingham, a Northumberland da ke arewa maso gabashin Ingila. Sanyin 1947 ya rage su zuwa 13 kacal, sannan annobar baki da kofato ta shekarun 1960 ta matso kusa da su, sai aka ware wani ƙaramin garke aka kai shi Sikotland, domin kada cuta guda ta ƙare su. Bayan 2001 ma, dokar Tarayyar Turai ta 2003 ta ba da damar a ɗaga wa nau'o'in da ke dab da ƙarewa ƙafa, muddin an yi rajistarsu tun da wuri kuma za a iya killace su.

Wannan ne ke sa ni damuwa da shanun Kuri na Tafkin Chadi, masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri a hannun makiyayan ƙabilar Buduma. Su ma wuri guda suke, a yankin da rashin tsaro ya hana likitocin dabbobi shiga yadda ya kamata, ga barbara da shanu masu tozo tana rage tsantsar irinsu. Ya kamata ƙasashen da ke kewaye da tafkin su ƙidaya su, su adana irinsu, su kuma ba rigakafin ciwon huhu a garkunansu fifiko tun yanzu.