Alhamdu lillahi, mun tare

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwananmu tara da tarewa a gidan da muka kama haya a Bradford ta Ingila, sai yanzu na samu sukunin zama in rubuta wannan, shi ma a kan akwati nake zaune don kujeru ba su iso ba tukuna. Jikina duk ciwo yake, amma zuciyata ta yi sanyi irin wanda ban ji ba tun ranar da muka baro Kano.

Yawancinku kun san yadda aka yi, ba sai na maimaita ba. Kun san makonnin da muka yi mu huɗu a ɗaki ɗaya, da gidajen da muka je dubawa aka ce za a kira mu, har yau shiru. Duk wanda na kira ina kuka bayan na taso daga aiki, ya yafe mini, na san na tayar da wasunku daga barci.

Zan ambaci mutane, duk da na san wasu ba za su so ba. A al'adarmu ba a tallata alheri, amma in na yi shiru abin zai tsaya mini a wuya.

Na farko Baba Alhaji, mutumin Zangon Kumasi. A Ingila kuɗi kaɗai ba sa sama maka gidan haya idan kai baƙo ne. Mun tanadi kuɗin ajiya na sati biyar, wanda shi ne iyakar abin da doka ta yarda a karɓa, ga takardar aikina ta jinya, ga shaidar biza, amma kowane dillali sai ya ce ina garanto, wato mazaunin ƙasar da zai sa hannu cewa in mun kasa biya shi zai biya. Wa zai ɗaukar wa baƙon wata biyu wannan nauyi? Sau uku kawai Baba ya ga maigidana, duk a masallaci. Da ya ɗauki biro sai tsoro ya kama ni, na ce, "Baba, ka karanta da kyau? In muka gaza kai za a bi fa." Ya ɗago ya dube ni ya ce, da Hausarsa ta Zango, "'Yata, ni ma wani ya tsaya mini." Ya sa hannu. Baba, Allah ya tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani. Allah ya jiƙan iyayenka, ya albarkaci zuriyarka.

Amma abin da ba ya barin raina shi ne daren farko.

Mun shiga gidan da yamma, a nan unguwar Manningham, irin gidajen dutsen nan da ke jere bango ɗaya, daga taga ana hango dogon bututun tsohuwar masaƙar Lister. A Disamba a Bradford kafin ƙarfe 4 an yi magariba. Maigida ya sauke mu ya wuce dutin dare, don sabon aiki ne, ba halin neman uzuri. Ya rage daga ni sai yara da katifa biyu a ƙasa. Wajen ƙarfe 11 sai komai ya ɗauke ɗif. Mu da muka taso a Kano ɗauke wuta ba baƙonmu ba ne, don haka na kunna fitilar waya na zauna jiran a dawo da ita. Ban san cewa a nan babu wanda zai dawo da ita ba. Mita ce ta biya kafin ka sha, kuɗin da tsohon ɗan haya ya bari ne ya ƙare, kuma boilar da ke ɗumama gidan, ko da gas take aiki, ba ta tashi sai da lantarki.

Sanyi ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Na haɗa yaran a katifa ɗaya, na lulluɓe su da duk zannuwan da na zo da su, har atamfofin lefena da ban taɓa ɗinkawa ba. Autana yana da asma. Da na ji ƙirjinsa ya fara wannan fiton, hankalina ya tashi. Ni nas ce, shekara da shekaru ina kwantar wa iyaye hankali a kan irin wannan, amma a daren hannuna rawa yake har na kasa cire murfin abin shaƙarsa. Na ce a raina, na kwaso 'ya'yan mutane daga gaban kakanninsu na kawo su nan sanyi ya kashe su.

Sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ce, 'yar Pakistan, ta ji kukan yaro ta bango. Turancinta kaɗan ne, ni kuma ba na jin yarensu. Ta yi sallama, ta leƙa ta ga duhu, ba ta tambaye ni komai ba. Ta kama hannuna ta kai ni ƙarƙashin matakala inda mitar take, ta zare ɗan makullin roba ta mayar, ta danna maɓalli, wuta ta kawo. Ashe akwai ɗan bashin gaggawa da mitar ke bayarwa kafin gari ya waye a je kanti a sa kuɗi. Ta koma gida ta dawo da bargo mai nauyi da hita da shayi mai madara a fulas. Ta zauna a ƙasa da tsufanta, ta ɗora autana a cinya tana tofa masa Fatiha, tana ce mini "beti, beti", wato 'yata. Ba ta tafi ba sai da numfashinsa ya daidaita.

Daga baya jikarta ta ba ni labari cewa daga Mirpur suke, ruwan madatsar Mangla ya cinye tsohon garinsu a shekarun 1960, mijinta ya zo aikin masaƙar ulu, ita kuma ta biyo shi tana amarya cikin irin wannan hunturu. Inna, ba za ki iya karanta wannan ba, amma Wanda nake roƙo yana jin kowane harshe. Allah ya haskaka kabarin mijinki, ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ki cika da imani, ya gina miki gida a Aljanna inda babu sanyi babu duhu.

Godiya ga Maman 'Yan Biyu da ta taso daga Leeds da tukwane da tuwo da miyar kuka, yarana suka ci har suna lashe hannu. Godiya ga samarin masallaci da suka hau da kaya bene. Godiya ga Yayata ta Gwammaja da ta sayar da sarƙarta aka cika kuɗin jirgi, Yaya ban manta ba. Hajiyata kuwa, wadda ba ta yi barcin kirki ba tun tafiyarmu, Allah ya bar mana ke, yanzu sai ki kwanta.

Akwai waɗanda jini ya haɗa mu, suna ƙasar nan shekara da shekaru, da gidajensu na kansu, su muka fara tunkara da maganar sa hannu. Wataƙila hidima ce ta yi yawa. Na dai ga alamar an karanta saƙon. Allah ya bar zumunci, ƙofarmu a buɗe take duk ranar da aka samu lokaci.

Ku taya ni da addu'a, jarrabawar OSCE tana gabana, sai na ci ta za a ba ni rajistar cikakkiyar nas a nan. Yara kuma muna jiran a ba su gurbin makaranta. Jiya na mayar wa Inna hitarta, ta karɓa, amma bargon ta turo mini shi, ta nuna autana da yatsa.