Wutar da jami'a ke sha bayan kowa ya tashi

A 1990 wasu shugabannin jami'o'i suka taru a garin Talloires na ƙasar Faransa, suka sa hannu a wata takarda mai ƙudurori goma, suna alkawarin cewa jami'o'insu za su shige gaba wajen kare muhalli. Daga baya ɗaruruwan jami'o'i sun bi sahu. Tun 2010 kuma Jami'ar Indunusiya take fitar da jerin GreenMetric, inda ake auna jami'o'in duniya a kan makamashi, shara, ruwa, sufuri da sauransu. Duk wanda aka sa a kwamitin muhalli na jami'a, irin waɗannan takardu ake fara miƙa masa, ni ma su aka miƙo mini. Suna da amfaninsu. Amma a shekarun da na yi ina wannan aiki, babu abin da ya buɗe mini ido kamar mitar wuta da ke bayan gini, cikin akwatin ƙarfen da ba mai buɗe shi sai mai gyaran wuta.

Ka karanta mitar gini da dare bayan an kulle ƙofofi, ka dawo da sassafe kafin kowa ya shigo. Abin da ya hau a tsakani, wuta ce da ginin ya sha ba kowa a cikinsa. Wani kason dole ne: fitilun tsaro, na'urorin da ke riƙe da intanet da bayanan jami'a, firjin magunguna. Ragowar kuwa na'urorin sanyaya ɗaki ne da aka bari suna ta ruri a ofisoshin da ke kulle, da kwamfutocin da ba a kashe ba, da fankoki suna juyi a kan kujerun da ba kowa. Haka ake kwana, haka ake ƙarshen mako, haka ake dogon hutu. Ruwa ma labarin ɗaya ne. In ka ga mitar ruwan ginin ofisoshi tana juyawa da tsakar dare, to wani wuri na yoyo, kuma sau da yawa tankin bayan gida ne da robarsa ta mutu, ruwa na ta silalewa dare da rana ba ƙara balle a lura. Mai gyaran famfo ba ya daɗewa a kansa, in dai an san inda yake.

Sanin inda yake ɗin shi ne wahalar. Jami'o'i da yawa mita ɗaya ce ke auna dukan harabar, takardar kuɗin wuta ta zo a dunƙule ta wuce ofishin ma'aji. Da mita ɗaya ba ka da ta cewa. Masu ofis su ce ɗakunan kwanan ɗalibai ne ke cinye wutar, ɗalibai su ce ai ga masu na'urar sanyi can. Shi ya sa in aka tambaye ni me za a fara saya, nakan ce ƙananan mitoci, kowane gini da tasa, da mutum ɗaya da aikinsa ne ya riƙa rubuta karatunsu. Ba a yanka kirtani don an kafa mita, ba kuma a gayyato 'yan jarida, don haka takan sha wuya kafin ta shiga kasafin kuɗi.

Na'urar sanyaya ɗaki ta cancanci a tsaya a kanta. Kowa ya taɓa shiga ofishin da aka sauke ta zuwa digiri 16, taga a buɗe, mai ofishin kuma yana sanye da rigar sanyi. Mutane na ɗauka in an sauke lambar ɗakin zai fi saurin yin sanyi, alhali a yawancin na'urorin abin da ke faruwa kawai shi ne injin ya ƙi hutawa. Hukumar tsimin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ɗaga yana rage kusan kashi 6 cikin ɗari na wutar da na'urar ke sha, kuma daga 2020 ta wajabta a riƙa fito da sababbi a saite a digiri 24. Japan tun 2005 ta nemi ofisoshin gwamnati su tsaya a 28, ma'aikata kuma su ajiye kwat da lakataye a lokacin zafi. A ganina 28 ya yi yawa ga cunkusasshen ajin ɗalibai, amma tsakanin 16 da 28 akwai fili mai faɗi.

Na manna takardun "a kashe wuta kafin a fita" har na gaji. Suna aiki na ɗan lokaci, sannan ido ya saba da su. Dalilin a bayyane yake: sashen da ya yi tsimi ba ya ganin ko sisi daga abin da ya rage, wanda ya yi almubazzaranci kuma ba a cire masa komai. Wasu jami'o'i, ciki har da Harvard a Amurka, sun kafa asusu mai juyawa. A ba gini rance ya canza ƙwayayen fitila zuwa LED ko ya gyara injinansa, kuɗin wutar da aka rage su biya rancen, sannan a sake bai wa wani ginin. Ko ba a kai nan ba, in aka ce wa shugaban sashe wani kaso na rarar zai dawo masa ya sayi kayan aiki, za ka ga shi da kansa yana zagaya ofisoshi da yamma.

Ɗalibai su ne masu zafin nama a wannan harka, kuma ba don su ba da jami'o'i da yawa ba su motsa ba. Sai dai ɗalibi baƙo ne, shekara huɗu ko biyar ya tafi, ƙungiyar da ya kafa ta bi shi. Masu shara, masu lambu, masu gyaran wuta da famfo su ne 'yan gida, wasunsu sun ga shugabanni da dama sun zo sun wuce, amma da wuya a kira su taron kwamiti. Wani dattijo mai lambu ya taɓa zagayawa da ni layin da aka yi bikin dashen itatuwa. Allunan sunayen manyan baƙi na nan a kafe, dashen kuwa saura 'yan ƙirare busassu. Na ce, Baba, me ya faru? Ya nuna mini inda famfo mafi kusa yake, da nisan da mutum zai yi da bokiti. Ba wanda ya tambaye shi irin itacen da ƙasar wurin ke karɓa, ko wa zai yi ban ruwa idan rani ya shigo. Tun daga nan, in aka kawo shawarar dashe, nakan ce a ƙirga waɗanda suka rayu bayan shekara biyu, a bar ƙirga waɗanda aka binne ranar biki.

Kwandunan shara masu launi uku ma haka. Ɗalibi ya tsaya ya ware roba daban, takarda daban, da yamma ya ga an juye su duka a mota ɗaya. Gobe ba zai ƙara wahalar da kansa ba, kuma da gaskiyarsa. Masu sharar ma ba laifinsu ba ne, mota ɗaya aka ba su. Ba a fafe gora ranar tafiya: a fara samo wanda zai karɓi robar da takardar, da inda za a tara su, kafin a sayi kwando. Rahoton OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, na 2022 ya ce kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba ake sake sarrafawa a duniya, don haka famfon ruwan sha mai tsabta a kowane gini, wanda zai hana sayen gorar tun farko, ya fi kwandon amfani.

Sola ta dace da jami'a, domin lokacin da aka fi shan wuta shi ne lokacin da rana take sama. Amma ƙarfin da aka rubuta a jikin faranti an auna shi ne a digiri 25, zafi na rage shi, ƙura ma haka, kuma wanke farantan aiki ne da ke son mutum da ruwa da kasafi. In aka kafa ta kafin a rage ɓarna, an sayi faranti da batir ne don a sanyaya ofishin da ba kowa.

Inda na fi shan mamaki shi ne ɗakunan gwaje-gwaje, waɗanda ke shan wuta ninkin ba ninkin na ofis mai girmansu. Akwai akwatin nan mai ƙofar gilashi da ke zuƙe tururin sinadarai ya fitar waje. Yana zuƙar iskar da aka riga aka kashe wuta wajen sanyaya ta, har an ƙiyasta cewa guda ɗaya kan ci makamashin gidaje uku a Amurka. A irin na zamani, sauke gilashin bayan an gama aiki yana rage zuƙar sosai, kuma ya fi kare mai aikin. Sai firizojin ajiye samfura da ke tsaye a digiri 80 ƙasa da sifili. Tsoho guda kan sha wutar gida guda, kuma ɗaga shi zuwa 70 ƙasa da sifili na iya rage kusan kashi 30 cikin ɗari, samfura da yawa kuma ba abin da ke samunsu. A nan ne na daina gardama da masu bincike, don wanda ya shekara yana tara samfur yana da hujjar tsoro. Abin da muka iya yi shi ne roƙon a buɗe a ƙirga abin da ke ciki. Wani firizan da aka buɗe, ƙanƙara ta cinye bakinsa, akwatunan ciki rubutunsu ya goge, wasu na ɗaliban da suka gama tun tuni ne. Ba wanda ya ce nasa ne, ba kuma wanda ya yarda ya sa hannu a zubar, don haka har yanzu yana nan a kunne.