Ina sakamakon jinin da kuka ɗiba?

Na yi shekaru ina aikin tafinta da cike takardun tambayoyi ga ayarin masu binciken lafiya da ke tashi daga Jos zuwa ƙauyuka, kuma tambayar da ta fi tsaya mini a rai wata dattijuwa ce ta yi mini ita, ba farfesa ba. Muna zaune a zaure ina karanta mata takardar neman yarda, sai ta dakatar da ni ta ce, "Ɗana, bara waɗansu sun zo kamar ku, sun ɗebi jinin jikokina, har yau ba mu ji abin da suka gani a ciki ba." Na ce, "Iya, ai ba mu ba ne." Ta ce duk kanwar ja ce, kuma ban sami abin da zan ce mata ba.

Abin da yawancin masu bincike ke kira shigar da jama'a bai wuce kai gaisuwa fadar mai gari da goro, a ɗauki hoto, sannan a bi gida-gida ana karɓar dangwalen yatsa ba. Wannan neman izini ne, kuma yana da kyau, amma ba tarayya ba ce, domin an riga an yanke abin da za a bincika, da ranar zuwa, da inda sakamakon zai tafi, tun kafin motar ta bar gari.

Mu a Arewa mun san tsadar wannan sakaci. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya shafi yara kusan 200, aka rasa 11 daga cikinsu, iyaye kuma suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ake yi ba. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003, labarin nan yana cikin abubuwan da mutane ke kafa hujja da su, kuma sai da aka koma ga sarakuna da malamai kafin aikin ya daidaita.

Amma misalin da na fi son kawowa na gida ne, nan Filato. Tun 1987 kamfanin Merck ke ba da maganin Mectizan kyauta domin yaƙi da makantar da baƙin ƙudan bakin rafi ke yaɗawa. Samun maganin bai zama matsala ba, isar da shi ne ya gagara, domin ma'aikata kan iso ƙauye a ranar da ta yi musu daidai, su tarar mutane suna gona ko kasuwa. A tsakiyar shekarun 1990 aka yi wani bincike a ƙasashen Afirka da dama ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, aka kwatanta rabon da ma'aikata suka tsara da wanda mutanen gari suka tsara da kansu, sai aka ga na biyun ya fi kaiwa ga jama'a. Daga nan aka bar wa kowane gari ya zaɓi mai rabonsa, ya sa lokacinsa, ya yanke ko gida-gida za a bi ko a dandali za a taru. Mai rabon, wanda sau da yawa manomi ne ba ma'aikacin asibiti ba, yakan auna tsawon mutum da sanda mai alamomi ya san ƙwaya nawa zai ba shi, ya kuma rubuta a littafin da masana ke dogara da shi daga baya. Da irin wannan tsari, tare da ƙungiyar agaji ta Cibiyar Carter mai ofishi a Jos da ma'aikatun lafiya, aka sanar a 2017 cewa jihohin Filato da Nasarawa sun shawo kan tundurmi, a 2018 kuma aka daina rabon maganin makantar ga kowa da kowa saboda yaɗuwarta ta tsaya.

Na san masu cewa wannan hanya tana cin lokaci da kuɗi, kuma gaskiya suka faɗa. Abin da ya fi wuya a ganina shi ne tantance su wane ne jama'ar. Mai unguwa ba ya magana da yawun matar da ke cikin kulle, kuma a Jos, inda rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 suka raba unguwanni, wanda ake saurara a nan ba lallai a buɗe masa ƙofa a tsallaken titi ba. Ko harshe ma abin lura ne, domin Hausa takan isar da saƙo a kasuwa, amma tsohon da zai ba da jininsa ya cancanci a yi masa bayani da Birom ko Angas ko Tarok, idan da shi yake tunani.

Bayan mun dawo daga ƙauyen dattijuwar nan, na matsa wa shugabar ayarinmu har ta yarda a ware kuɗin mai domin komawa. Wata takwas aka yi kafin mu koma, muka zauna a ƙarƙashin bishiyar mangwaro muka faɗi abin da aka gano. Wani matashi ya tashi ya ce alƙalumanmu ba su haɗa da makiyayan da ke bayan dutse ba, waɗanda rafi ɗaya suke sha da mutanen gari. A cikinmu babu wanda ya san da zamansu, kuma sai da aka sake gyara wani sashe na rahoton saboda maganarsa.